Noman inabi a Jamus: manoman da ke farautar rana

Duk wanda ya saba kama Sashen Hausa na DW ya san sunan birnin Bonn, ko da bai taɓa taka Jamus ba. Idan ka hau jirgin ƙasa daga wannan birni ka nufi kudu, layin dogo yana bin gaɓar kogin Rhine ne, kuma tun ba a yi nisa ba za ka fara hangen gonakin inabi a ƙetaren ruwa, a gindin dutsen Drachenfels. Da an wuce Koblenz sai kwarin ya matse, duwatsu su taso dama da hagu, ka ga layukan itacen inabi sun haye gangaren da ko akuya sai ta yi shawara kafin ta hau. Tambayar da ke zuwa wa baƙo ita ce: ƙasa mai filayen noma shimfiɗaɗɗu kamar Jamus, me ya kai manomi maƙalewa a jikin dutse?

In faɗa tun da wuri, kusan dukan wannan inabi ba na ci ba ne, matse shi ake yi a yi giya, kuma hukuncin giya a wurin Musulmi ba ya bukatar sharhina. Noman ne ya ja hankalina. Manomin ƙasar Hausa rana ta ishe shi har ta yi yawa, ruwa yake nema. Manomin inabi na Jamus ya shafe kusan shekara dubu biyu yana fama da akasin haka: ruwa ga shi nan, rana ce ba ta isa. Wurin da ya zaɓa ya yi shuka, irin da ya shuka, har da dokar da gwamnati ta kafa masa, duk daga wannan ƙarancin suka tsiro.

Itacen inabi ɗan ƙasashen ɗumi ne, irin su Italiya da Sifaniya da kudancin Faransa. Masana sun daɗe suna cewa iyakarsa ta arewa ita ce layin digiri 50 daga tsakiyar duniya, kuma wannan layi ya ratsa ta tsakiyar birnin Mainz, har an shata shi a ƙasa don masu yawon buɗe ido. Ke nan manyan gonakin Jamus a bakin iyaka suke, wasu ma sun tsallake ta. Birnin Winnipeg na Kanada kusan a kan layin yake, amma can sanyin hunturu kashe irin wannan itace yake yi. Abin da ya ceci yammacin Turai shi ne igiyar ruwan ɗumi da ke ratsa tekun Atlantika daga yankin Mekziko, wadda ke sassauta sanyi. Duk da haka sassauci ne kawai.

A Kano, wadda ke kan digiri 12, cikin watan Satumba da rana tsaka inuwar mutum kusan tana ƙarƙashin ƙafarsa. A Mainz a ƙarshen wannan wata, rana ba ta tashi sama da digiri 40 daga doron ƙasa, wato tsakar ranarsu kamar hantsinmu take, inuwar mutum ta fi shi tsawo. Zuwa ƙarshen Oktoba kuwa ta ƙara yin ƙasa, alhali a waɗannan makonnin ne 'ya'yan inabi ke bukatar zafi su nuna. Duk wanda ya taɓa kafa farantin sola a rufin gida ya san dabarar: ba a kwantar da shi, karkata shi ake yi ya fuskanci rana. Gangaren da ke kallon kudu aikin da yake yi ke nan. Idan ya karkata digiri 30, hasken da zai sauka a kan shimfiɗaɗɗen fili a karkace sai ya doke shi kusan kai-tsaye, tamkar rana tana digiri 70. Shi ya sa a kwari ɗaya za ka ga gefen da ke fuskantar kudu cike da inabi, gefen da ke fuskantar arewa kuwa daji ne. Da kogi ya yi kwana, gonakin ma sai su tsallaka ɗaya gaɓar.

Jamus tana da kimanin hekta 103,000 na inabi, an kasa su yanki 13 a hukumance, kuma in ka ɗora su a kan taswira za ka ga kusan dukansu a bakin kogi suke: Rhine da rassansa Mosel da Nahe da Ahr da Main da Neckar, sai Elbe da Saale da Unstrut can gabas. Ruwan kogi yana shan zafi da rana ya sake shi da dare, yana kuma mayar da haske zuwa gangare kamar madubi. Iska mai sanyi tana da nauyi, gangarowa take yi kamar ruwa ta taru a ƙasan kwari, don haka tsakiyar gangare ya fi ko'ina tsira daga daskarewar raɓa. Gonar da ta fi tsada sau da yawa a nan tsakiya take, ba a ƙasa ba, ba kuma can ƙoli kusa da daji ba.

Babu inda wannan lissafi ya fito fili kamar kwarin Mosel. Kogin ya taso daga duwatsun Vosges na Faransa, ya goga iyakar Luksambur, ya shiga Jamus yana lanƙwasa kamar maciji har ya haɗu da Rhine a Koblenz. Rumawa ne suka kawo noman nan. Birnin Trier nasu ne, a Piesport an tono wurin matsar inabi na zamaninsu, a Neumagen kuma an samu wani jirgin ruwa da aka sassaƙa da dutse yana ɗauke da ganguna. Ƙasar gonakin kusan ba ƙasa ba ce, ɓaraguzan wani baƙin dutse ne mai ɓarewa falle-falle kamar allo, wanda Jamusawa ke kira Schiefer, shi ne ma suke rufe gidaje da shi. Saboda duhunsa yana shan zafin rana, da dare ya riƙa sakinsa a gindin itacen. Ruwa ba ya kwanciya a cikinsa, dole jijiya ta bi tsagar dutse ta yi zurfi.

Aikin kuwa sai mai ƙashi. A Bremm akwai gonar da ake kira Calmont, inda gangaren ya kai digiri 65 a wasu wurare, ana lissafa ta a matsayin mafi miƙewa a Turai. Tarakta ba ta hawa. A tsofaffin gonaki kowane itace da turkensa, a lanƙwaso rassa biyu a ɗaure su yi siffar zuciya, don ma'aikaci ya iya zagaya shi ta kowane gefe. Mai tsinka yana tafiya yana dogara ƙafa a gindin turke, falle-fallen dutse na zamewa a ƙarƙashin takalminsa, wani kuma yana goye da babban mazubi a baya yana karɓar abin da aka tsinka. A da, in ruwan sama ya wanke ƙasa zuwa gindin dutse, a kwando ake kwaso ta a mayar sama. Yanzu an kafa wani siririn dogo mai layi ɗaya da ke hawa da kaya, feshin magani kuma da jirgi mai saukar ungulu ake yinsa a wurare da dama. A jikin wasu duwatsun akwai manyan agogunan rana da aka zana don ma'aikata su san lokaci, kamar na Wehlen da aka yi a 1842, har gonakin suka ɗauki sunan agogon. Ba a zana agogon rana inda inuwa ke sauka da wuri, don haka sunan kansa talla ne.

Yankin Rheingau wata baiwa ce ta daban. Kogin Rhine arewa yake nufa tun daga Suwizalan, amma da ya zo daidai Mainz da Wiesbaden sai duwatsun Taunus suka tare shi, ya juya yamma na kimanin kilomita 30 kafin ya samu hanya a Rüdesheim. Wannan 'yar juyawa ta ba da gaɓa guda mai fuskantar kudu ɗungurungum, ga kogi mai faɗi a gaba, ga duwatsu da daji a baya suna tare iskar arewa. Sufayen Kirista na cikin waɗanda suka fara gane darajar wurin. Gidan ibadarsu na Eberbach, da aka kafa a 1136, ya zama ɗaya daga cikin manyan masu gonakin inabi na zamaninsa. Yankin bai wuce hekta 3,200 ba, amma sunansa ya fi girmansa nesa.

Daga nan in ka gangara kudu, gangare ya fara sassauci domin rana ta fara wadata. Rheinhessen, tsakanin Mainz da Worms da Bingen, shi ne mafi girma da kusan hekta 27,000, tuddai ne marasa tsayi da inji ke iya shiga. Pfalz na biye da fiye da hekta 23,000. Duwatsun Haardt suna tare masa hadarin da ke tasowa daga yamma, shi ya sa yake da ƙarancin ruwa da yawan rana, har ɓaure da almon suna yi a bakin hanya. Baden kuwa ya miƙe kusan kilomita 400 har tafkin Bodensee, a cikinsa ne Kaiserstuhl yake, tsohon dutse mai aman wuta da ya mutu, wanda ke cikin wurare mafi ɗumi a ƙasar. Abin sha'awa a can shi ne ƙasar da ta lulluɓe dutsen: lallausar ƙura ce da iska ta kwaso tun zamanin da ƙanƙara ta rufe arewacin Turai, ta jibge har ta yi kaurin mita da dama. Wanda ya san yadda ƙurar hunturu ke kwanciya a kan kaya a gidajenmu, ya ƙiyasta hakan na dubban shekaru. Maƙwabcin Baden, wato Württemberg, a kwarin Neckar, jan inabi ya fi yawa, irin su Trollinger da Lemberger, gonakin ƙanana ne, yawancin manoma ƙungiyar gama kai suke kai wa amfaninsu, kuma a gida ake shanye mafi yawansa.

Franken, a arewacin jihar Bavariya, ya yi nisa da teku, sanyinsa ya fi tsanani, lokacin nomansa ya fi gajarta. Ƙasar kewayen Würzburg farar ƙasa ce mai cike da ɓawon dodon-koɗi na wani tsohon teku, kuma irin da ya fi dacewa da ita shi ne Silvaner, wanda takardu suka nuna an shuka a Castell tun 1659. Akwai wani abu a Würzburg da ya yi kama da waƙafi: gidajen jinya biyu, Bürgerspital na 1316 da Juliusspital na 1576, an bar musu gonakin inabi, har yau kuɗin gonakin na cikin abin da ke ɗaukar nauyin kula da tsofaffi da marasa lafiya. Can gabas, a tsohuwar Jamus ta Gabas, akwai Saale-Unstrut da Sachsen, ƙanana ne, suna wajen digiri 51. Nahe da Mittelrhein da Hessische Bergstrasse su suka cike lissafin tare da Ahr, wanda zan dawo kansa.

Wuri kaɗai ba ya isa, sai an samu irin da zai jure. Sarkinsu shi ne Riesling, farin inabi mai ƙananan 'ya'ya, wanda sunansa ya fara bayyana a rubuce a 1435 cikin littafin lissafin wani basarake a Rüsselsheim. Yau yana da kimanin hekta 24,000, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na gonakin ƙasar, kuma babu ƙasar da ta kai Jamus yawansa. Itacensa yana da taurin jure sanyi, ba ya saurin toho, don haka yakan tsallake sanyin Afrilu. Matsalarsa ita ce ba ya saurin nuna. Yana fure a Yuni, amma a da sai ƙarshen Oktoba ko ma Nuwamba ake tsinkarsa. A wuri mai zafi inabi yana nuna da gaggawa, zaƙi ya hau, tsami ya zube. A nan kuwa dogayen ranakun bazara, masu kai awa 16 na haske, da dararen kaka masu sanyi suna sa zaƙi ya taru a hankali ba tare da tsamin ya gudu ba. Wannan haɗuwar zaƙi da tsami ita ce abin da masu sayensa ke biya. Amma sai a gangare mafi kyau yake kai wa ga haka. A fili mara rana, a shekara mara kyau, abin da manomi zai tsinka tsami ne zalla.

Saboda haka aka shiga neman irin da zai nuna da wuri. A 1882 wani masani ɗan Suwizalan mai suna Hermann Müller, daga lardin Thurgau, ya haɗa wani sabon iri a cibiyar bincike ta Geisenheim. An daɗe ana ɗauka Riesling da Silvaner ya haɗa, sai binciken ƙwayoyin halitta ya nuna ɗaya mahaifin wani iri ne da ake kira Madeleine Royale. Müller-Thurgau yana nuna da wuri, yana ba da yabanya mai yawa, ba ya zaɓen wuri. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya bazu har ya zarce Riesling yawa daga shekarun 1970 zuwa tsakiyar 1990. A ɓangaren ja ma an yi irin wannan: Dornfelder, da aka haɗa a Weinsberg a 1955, an so shi ne saboda duhun launinsa, domin jan inabi a ƙasa mai sanyi yakan fito fayau.

Duk waɗannan iri, tsoho da sabo, kusan babu wanda ke tsaye a kan jijiyarsa. Wani ɗan ƙwaro mai cin jijiya ya shigo Turai daga Amurka a shekarun 1860, ya halaka gonakin Faransa, a Jamus kuma an fara ganinsa a 1874 a kusa da Bonn. Maganin da aka samu shi ne aure, kamar yadda ake yi wa mangwaro: jijiya ta inabin Amurka mai jure ƙwaron, kai na inabin Turai. Sai a wasu gangaren Mosel, inda ƙwaron bai ji daɗin dutsen ba, ake samun tsofaffin itatuwa marasa aure da suka haura shekara ɗari.

Ƙarancin rana ya shiga har cikin doka, kuma a ganina a nan ne Jamusawa suka yi wa kansu illa. Akwai labarin da ake bayarwa na shekarar 1775 a gonar Schloss Johannisberg da ke Rheingau. Gonar mallakar shugaban cocin Fulda ce, ba a fara tsinka sai ɗan aike ya kawo izininsa. A wannan shekara ɗan aiken ya yi jinkiri, kafin ya iso 'ya'yan sun fara yanƙwanewa, wata funfuna ta kama su. Aka tsinka a haka don kada a yi asara duka, sai abin da aka samu ya fi na kullum zaƙi da daraja, domin funfunar huda fatar take yi ruwa ya ƙafe, sukari ya taru. Daga nan jinkirta tsinka ya zama abin alfahari. A ƙarni na 19 wani maƙerin zinariya na Pforzheim mai suna Oechsle ya inganta ma'aunin nauyin ruwan inabi: in lita ɗaya ta yi giram 1,080, an ce tana da digiri 80. Yawan nauyi, yawan sukari.

Dokar giya ta Jamus ta 1971 ta ɗauki wannan ma'auni ta mai da shi alƙali. Matakan daraja, daga Kabinett zuwa Spätlese zuwa Auslese har sama, duk da yawan sukarin ranar tsinka ake hawansu. A ƙasar da nuna ke da wuya, hakan yana da ma'ana. Amma ma'aunin bai san gangare ba, bai san iri ba. Wanda ya shuka iri mai saurin tara sukari a shimfiɗaɗɗen fili, ya tsinka da inji, zai iya samun lakabi ɗaya da wanda ya yi rarrafe a jikin dutse. Dokar ta kuma rage sunayen gonaki daga wajen 30,000 zuwa ƙasa da 3,000, ta ƙirƙiro wasu manyan gundumomi da aka laƙaba wa sunan shahararren ƙauye. Piesporter Goldtröpfchen gona ce takamaimai mai fuskantar kudu, Piesporter Michelsberg kuwa tarin gonaki ne na ƙauyuka da dama, amma mai saye a Landan ba shi da hanyar bambancewa. Kasuwar waje ta cika da kaya mai zaƙi mai araha, musamman abin da ake kira Liebfraumilch, wanda asalin sunansa daga wata 'yar gona ce a gefen wani coci a Worms. A 1985 kuma aka gano wasu 'yan kasuwa a Ostiriya suna zuba wani sinadari don ƙara zaƙi, kuma gurɓataccen kayan ya shiga wasu kwalaben Jamus. Sunan da aka yi ƙarnuka ana ginawa ya zube. A ƙarshen ƙarni na 19 kayan Rhine da Mosel suna gogayya da na Bordeaux ta Faransa a farashi, shekara ɗari bayan haka sun zama na kantin araha.

Manyan manoma ne suka fara juya baya. Ƙungiyarsu ta VDP, mai mambobi kimanin 200 da tambarin gaggafa, ta tsara nata matakan bisa wurin da inabi ya fito, irin yadda ake yi a Burgundi ta Faransa. Gwamnati ta biyo baya da sabuwar doka a 2021, wadda ƙa'idarta ita ce gwargwadon ƙanƙantar wurin da aka ambata, gwargwadon tsananin sharaɗi. An ɗauki shekara hamsin kafin a yarda cewa sukari ba shi ne komai ba. Kuma ba hikima kaɗai ce ta kawo sauyin ba. Sukarin ne ya daina wuya.

Yanayi ya ɗumama. Tsofaffin manoma suna tuna lokacin da a shekara goma, biyu ko uku ne kawai Riesling ke nuna sosai. Tun daga ƙarshen shekarun 1980 da wuya a samu shekarar da bai nuna ba. Tsinka ta matso gaba da makonni, abin da ake yi a ƙarshen Oktoba yanzu a Satumba ake farawa. Jan inabin Spätburgunder, wanda Faransawa ke kira Pinot Noir, ya kai fiye da hekta 11,000, Jamus ce ta uku a duniya bayan Faransa da Amurka, kuma yanzu yana yin launi da ƙarfin da a da sai a mafarki. Iri na ƙasashen ɗumi kamar Merlot da Cabernet Sauvignon sun samu gindin zama a Pfalz. Har a tsibirin Sylt, kusa da iyakar Denmak, an shuka inabi. In aka tsaya nan sai a ce kakarsu ta yanke saƙa.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙa ba. Duk abin da aka tsara don kama zafi yanzu yana kama fiye da kima. Baƙin dutsen da ke ɗumama itace da dare, a shekaru irin 2018 da 2022 gasa shi ya riƙa yi, kuma da yake ba ya riƙe ruwa, ƙananan itatuwa suka bushe a tsaye. A Yulin 2019, da zafi ya haura digiri 40 a yammacin ƙasar, 'ya'yan inabi ƙonewa suka yi a jikin reshe, musamman inda manomi ya cire ganye don rana ta samu shiga, kamar yadda kakanninsa suka koya masa. Tsamin da Riesling ke taƙama da shi yana raguwa in dare bai yi sanyi ba. Akwai kuma wani nau'i da ake kira Eiswein, wanda sai an bar 'ya'yan a gona har sanyi ya kai digiri 7 ƙasa da sifiri, a tsinke su a daskare cikin dare a matse. Yanzu akwai shekarun da manomi zai jira har Janairu sanyin bai zo ba, tsuntsaye da ruɓa su cinye abin da ya bari.

Wani abin mamaki, ɗumamar ta ƙara haɗarin sanyi. Hunturu mai sauƙi yana sa itace ya yi toho da wuri, amma daren sanyi na ƙarshen Afrilu bai daina zuwa ba. A Afrilun 2024 haka ta faru: toho ya fito, sanyi ya sauka dare biyu ko uku, manoma suka kwana suna kunna wuta a tsakanin layuka, amma a Sachsen da Saale-Unstrut mafi yawan amfanin shekarar ya tafi.

Mafi muni shi ne abin da ya samu Ahr, ɗan kwarin da ke kudu da Bonn kaɗan. Gonakinsa ba su wuce hekta 600 ba, amma ya shahara da jan inabi duk da yana arewa, saboda matsatstsen kwarin yana riƙe zafi kamar tanderu. A ƙauyen Mayschoss ne manoma suka kafa ƙungiyar gama kai tun 1868, wadda ake lissafawa a matsayin mafi tsufa a wannan sana'a a ƙasar. A daren 14 ga Yulin 2021 aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, kuma matsin da ke tara zafi shi ya tara ruwa. Kogin da yaro ke iya tsallakawa da ƙafa a wasu wurare ya tashi mita da dama cikin awanni, fiye da mutum 130 suka rasu a kwarin. Gonakin da ke saman gangare ba abin da ya taɓa su, amma ɗakunan ajiya na ƙarƙashin ƙasa da injuna da ganguna duk a bakin kogi suke. Bayan ruwa ya janye aka riƙa tono kwalabe cikin laka, takardun jikinsu sun goge, aka sayar da su da lakarsu don tara kuɗin agaji. Manoma daga wasu yankuna suka zo da taraktocinsu da ma'aikatansu suka taya su aikin gonar wannan shekara.

Ga kuma lissafin kuɗi, wanda nake ganin shi zai yanke hukunci kafin yanayi ya yanke. Hekta ɗaya a gangare mai miƙewa tana cin aikin hannu ninki huɗu ko biyar na hekta a fili. Ma'aikatan tsinka yawanci daga Romaniya da Polan suke zuwa, kuma mafi ƙarancin albashi da doka ta kafa ya tashi daga Yuro 8.50 a awa a 2015 zuwa sama da Yuro 12 a 2024. A da wahalar gangare tana biyan kanta domin can ne kaɗai inabi ke nuna. Yanzu fili ma yana nuna, kuma inji ke tsinkarsa. Su kansu Jamusawa sun rage sha, matasa musamman, har kasuwar wadda aka cire wa sinadarin maye da ta zallar ruwan inabi ke ƙara faɗi. Gonakin Mosel sun ragu daga sama da hekta 12,000 a wajen 1990 zuwa kimanin 8,500. A Mittelrhein, wancan kwarin da ake gani daga tagar jirgi, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2002, abin da ya rage bai kai hekta 500 ba. In ka lura da kyau za ka ga tsofaffin katangun dutse jere a jikin gangare, ƙaya da ƙananan itatuwa sun cinye matakalan da ke tsakaninsu.

Masu neman mafita sun kasu. Wasu suna shuka sababbin iri masu jure funfuna, kamar Regent da Souvignier Gris, don rage feshi. Wasu sun fara ja wa gangare bututun ban-ruwa, abin da kakanninsu za su yi wa dariya. Wasu kuma suna barin ganye ya yi wa 'ya'yan inuwa, suna shuka ciyawa tsakanin layuka don ƙasa ta riƙe laima. Manoman inabi na Kudan a jihar Kaduna, masu fama da rana da ban-ruwa tun fil azal, da za su ga wannan da sun gane aikin. A Saar da Ruwer, rassan Mosel masu sanyi da a da ake tausaya wa manomansu, yanzu kayansu ake rububi. Kuma akwai manoman da ke bin ƙananan kwaruruka na gefe suna tambayar farashin filayen da ke can sama kusa da daji, ko masu kallon gabas da arewa, waɗanda iyayensu suka bar wa ƙaya saboda rana ba ta isa wurin.